Yadda za ka kula da ƙodarka a zafin Maraɗi

Ƙoda biyu gare ka, can baya ƙarƙashin haƙarƙari, aikinsu tace jini dare da rana. Kusan lita 180 suke tacewa kullum amma yawanci jiki ke maida abinshi, abin da ke fita fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba, ya gangara ta bututu biyu zuwa mafitsara.

To lokacin bazara zufa na kwashe ruwan jiki, sai ka riƙa duba kalar fitsarinka, in ya yi duhu kamar shayi ƙara ruwa, kar ka jira ƙishirwa. Masu kabu-kabu ku na fi nufi wallahi. Kar a riƙe fitsari, musamman mata tunda hanyar fitarshi gajera ce wajensu, ƙwayoyin cuta na saurin hawa.

Diclofenac da ibuprofen ɗin nan na 'yan tebur, yawan shansu na ɓata ƙoda. Mai hawan jini ko ciwon suga ya dinga zuwa awo. Yaron da ke wanka a gulbi ko tabki in ka ga jini ƙarshen fitsarinshi, galibi tsargiya ce, kai shi likita, akwai maganinta praziquantel.