Mura a jikin mai ƙiba: kurakuran da ake yawan yi idan hunturu ya shigo Kaduna

Da zarar hazon hunturu ya sauko, tari da atishawa sai su cika keke da masallaci, daga Kawo har Rigasa. Yawanci mura ce mai wucewa. Amma akwai mai zafi, infuluwenza, wadda ke zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma ba ta yi wa mai ƙiba da sauƙi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙiba a matsayin ƙarfi: "Ai Hajiya tana da jiki, mura ba za ta kayar da ita ba." Annobar infuluwenza nau'in H1N1 ta 2009 ta ƙaryata wannan, domin a lokacin ne likitoci suka gano cewa ƙiba ita kaɗai tana ƙara haɗarin kwanciya asibiti da rasa rai. Kitse mai yawa yana rage kuzarin garkuwar jiki, teɓa kuma tana takura wa huhu. Don ka san matsayinka, raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, ka sake raba abin da ka samu da tsayin. Mai kilo 95 da tsayin mita 1.7 zai samu kusan 33, kuma daga 30 ake ƙirga ƙiba.

Sai komawa cikin jama'a da zarar zazzaɓi ya sauka, kuma nan ne abin ya fi damuna. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa a jiki ta hanyar kwafar kanta, ba ta kuma gyara kuskuren da ta yi, kamar ɗalibin da ke rubuta allo babu malamin da zai duba masa. Gwargwadon daɗewarta a jiki, gwargwadon sabbin nau'o'in da za ta haifar. Wani bincike da aka yi a Nikaragwa, aka wallafa a 2018, ya nuna manya masu ƙiba suna daɗewa suna fitar da ƙwayar infuluwenza A fiye da sauran mutane da kashi 42 cikin 100. A 2020 kuma masu bincike a asibitin St. Jude da ke Amurka suka riƙa ɗaukar cutar daga wannan ɓera mai ƙiba zuwa wancan, sai ta tara sauye-sauye, ta ƙara muni. Dalili kuwa, intaferon, sinadarin da jiki ke fara tare ƙwayar cuta da shi, ba ya fitowa da ƙarfi a jikin mai ƙiba. Saboda haka ko ka ji sauƙi, shagonka na Kasuwar Gumi ya ɗan jira. In fita ta zama dole, sa takunkumi, ka nisanci tsofaffi, masu ciki da jarirai.

Wasu kuma sai su wuce gona da iri, su ce mai ƙiba ne ke ƙera sabuwar cuta. Wancan gwajin a kan ɓeraye aka yi shi, kuma ƙwayar tana sauyawa a jikin kowa, har da kaji. Tsangwama ba abin da za ta haifar sai ɓoye rashin lafiya.

Zuwa kemis a sayo antibayotik asarar kuɗi ce, ba ya taɓa wannan ƙwayar. Maganinta daban ne, irin su oseltamivir, likita ke rubutawa, kuma ya fi aiki cikin awa 48 na farko.

Allurar rigakafi fa? Binciken 2017 a Amurka ya nuna masu ƙiba da aka yi wa allurar sun ninka sauran wajen kamuwa da murar ko mai kama da ita. Wannan ba hujjar ƙin allura ba ce, ka yi ta in ka samu, sai dai kada ka saki jiki. In numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓin ya tafi ya dawo, musamman in akwai ciwon suga ko hawan jini, a tafi asibiti a ranar.