Yadda ake sa manhaja ta riƙa gwada kanta

Duk mai rubuta manhaja a Yamai, ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni ko mai yi wa ƴan kasuwa aikin lissafi, ya san cewa gyaran wuri ɗaya kan ɓata wani wurin da ke aiki lafiya lau. Maganin haka shi ne a rubuta ƙananan shirye-shirye masu bincikar babbar manhajar da kansu, kuma kusan kowane harshen kwamfuta yana da laburarensa na wannan aiki, wato tarin shirye-shiryen da aka riga aka rubuta don a yi amfani da su.

A ɗauki na harshen da ake rubutu da shi. Java tana da JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka ƙirƙiro a 1997, PHP tana da PHPUnit, JavaScript kuma tana da Jest. Go ta zo da nata, umarnin go test kawai ake ba ta. Ga mai farawa, ni dai pytest na Python na fi so, domin ba ya buƙatar dogon shiri.

Bayan an girka shi da umarnin pip install pytest, sai a buɗe fayil mai suna da ya fara da test_, a kuma fara sunan kowane aikin gwaji da hakan, domin ta nan pytest ke gano su. Ina za a fara? Inda kuɗi suke. A ce manhajar ta wani shago ce a Babbar Kasuwa, inda ake ciniki da dala, ita kuwa kwamfuta da sefa take lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka gwajin farko shi ne assert dala_zuwa_sefa(200) == 1000, wato a tabbatar dala 200 ta ba da sefa 1000, jika guda. Kada a tsaya nan, domin kuskure ya fi ɓuya a gefe-gefe: a gwada sifili, a gwada lambar da ta gaza sifili, a gwada abin da zai faru idan yaron shago ya buga harafi a gurbin lamba. Da parametrize, wani kayan aiki na pytest, ana iya jera waɗannan duka a gwaji ɗaya.

Abin da na fi jaddadawa shi ne kada gwaji ya dogara da intanet. Idan manhajar tana karɓar kuɗi ta wayar salula, a yi amfani da laburaren unittest.mock na Python, ko Mockito a Java, a kwaikwayi amsar kamfanin wayar, har da ta ranar da layi ya yanke ana tsakiyar biya, wadda ita ce ke haddasa rigima tsakanin mai shago da mai saye.

Shafukan intanet kuwa ana gwada su da Selenium ko Playwright, masu danna maɓallai kamar mutum. Suna da nauyi da jinkiri, don haka a taƙaita su ga shiga asusu da biyan kuɗi. Duk sa'ad da aka kawo ƙorafi, a fara rubuta gwajin da zai fito da matsalar fili, sannan a yi gyara har gwajin ya wuce.