Yadda ɗalibi daga Jos zai shiga karatun kimiyyar teku

Tambayar da za a fara jefo maka ita ce: kai da ka tashi a kan dutse, ina kai ina teku? Ka tanadi amsa tun yanzu. Ruwan daminar da ke zuba a Jos, iskar kudu maso yamma ce ke kwaso danshinsa daga Tekun Atilantika, kuma wani sashe nasa can yake komawa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato ya taso ya faɗa Neja, Gongola ya gangara ya shiga Binuwai a Numan, sannan Neja da Binuwai su gamu a Lakwaja su nufi teku. Dilimi ne dai ya juya baya, ya nufi ɓangaren Tafkin Chadi.

Matakin farko a sakandare yake. Ka riƙe Bayoloji, Kemistiri, Fizis, Lissafi da Turanci, ka fito da kiredit a dukkansu a WAEC ko NECO. Masu son kifi da kunkuru sukan yi wa Lissafi riƙon sakainar kashi, alhali igiyar ruwa da zafinsa da gishirinsa duk da lissafi ake karanta su. Kafin ka cike JAMB, duba haɗin darussan da kowace makaranta ke nema a shekarar.

Sai zaɓen makaranta. Jami'ar Legas na da sashen kimiyyar teku, haka ma Jami'ar Fasaha ta Akure, Jami'ar Kalaba kuma ta daɗe da cibiyar nazarin teku. Akwai kwalejin tarayya ta kamun kifi da fasahar teku a Victoria Island da ke Legas ga mai son difloma. In kuɗin Legas ya fi ƙarfin gida, kada ka karaya: sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos na koyar da halittun ruwa da kiwon kifi, daga nan sai ka yi digiri na biyu a bakin teku. A ganina wannan hanyar ma ta fi wa da yawa sauƙi. Idan Baba ya ce, "Wannan karatu, aikin me za ka samu da shi?" ka gaya masa gaskiya, guraben ba su da yawa, amma akwai su: cibiyar binciken teku ta NIOMR da aka kafa a Legas a 1975, hukumar NOSDRA mai lura da malalar mai, ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023, da gonakin kifi.

Abin da na fi so ka kama shi ne na uku: fara auna ruwa tun kafin ka ga teku. Nemi murfin bokitin fenti, ka yanke shi da'ira mai faɗin santimita 20, ka raba shi gida huɗu, biyu fari biyu baƙi. Huda tsakiya ka zura igiya, ka ɗaure guntun ƙarfe a ƙasa don ya nutse, ka yi ƙulli a kan igiyar duk santimita 10. Ka tsaya a kan gada ko wani dakali mai ƙwari, ka saki faifan a hankali har idonka ya daina ganinsa, ka ƙirga ƙullin da suka shige ruwa. Faifan Secchi ke nan, na auna yadda ruwa ya washe, irin wanda masana ke saukewa daga jirgi, sai dai na teku yakan zama fari fat kuma ya ɗan fi girma. Rubuta adadin ƙullin a littafi, da rana da lokaci da yanayin sama. Wuri ɗaya, sa'a ɗaya, kowane mako. Bayan shekara za ka ga da idonka yadda ruwan Agusta ke yin jajawur da laka, na Janairu ya kwanta ya washe. Malamin da ka kai wa wannan littafin ba zai manta da kai ba.

Amma fa a kiyayi kududdufan kuza, wato tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika. Gefensu a tsaye yake, zurfinsu ba ya nunawa, sun ci rayuka. Iyo dole ne ka koya, a wurin ninkaya mai malami.

Na huɗu, kwamfuta. Zuba alƙalumanka a Excel, daga baya ka koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma da QGIS ta zana taswira, duka biyun kyauta ne. UNESCO na da kwasa-kwasan teku ta intanet a ƙarƙashin OceanTeacher. In lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ya matso, ka nemi gurbi a NIOMR da wuri.

Sannan faɗakarwa, kuma da Hausa za ka yi ta. Kada ka fara da narkewar ƙanƙarar wata duniya. Fara da kifin ƙanƙara da jatan lande da Mama ke sayowa a kasuwa. Bayyana cewa dazuzzukan mangurof (itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri na gaɓar teku) na Neja Delta, mafiya girma a Afirka, su ne ɗakin renon ƙananan kifi, kuma malalar mai da sara suna cinye su. Ranar 8 ga Yuni ce Ranar Teku ta Duniya, Asabar ta uku a Satumba kuma ake sharar gaɓar ruwa a ƙasashe da dama. Tara 'yan ajinku ku share rafi ɗaya, da safar hannu da buhuna. Kada a tsaya ga ɗaukar hoto: ku zazzage buhunan, ku ware ledar fiya wata daban, robar lemo daban, ku ƙirga ku rubuta. Kai wa mai unguwa da kansila takardar, ka nemi a sa wurin zuba shara a inda kuka fi kwasa, bayan wata uku ku koma ku sake ƙirgawa.