Kurakuran da matuƙa ke yi da iskar goshin sanyi a tekunan yankin zafi

Mahaukaciyar guguwar teku ana shelarta tun da sauran kwanaki, kowa ya nemi mafaka. Wadda ke yi wa ƙananan jirage da masunta ba-zata ita ce iskar da ke biyo bayan goshin sanyi, wato iyakar da iska mai sanyi da nauyi ke kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi tana ɗaga ta sama. Da yawa sun ɗauka wannan lamari ne na tekunan Turai da arewacin Amurka, ba ruwansu da shi tunda ruwan da suke kai ɗumi gare shi. Daga nan sauran kurakuran ke somawa.

Daga Oktoba zuwa Afrilu sanyi kan gangaro daga Amurka ya share Mashigin Tekun Meziko har ya shiga Karibiyan. A Tekun Kudancin Sin, daga Nuwamba zuwa Maris, sanyin da ya taru a Saiberiya ne ke ɓallewa ya ƙara wa iskar arewa maso gabas ƙarfi. A Tekun Fasha ma haka iskar shamal ta hunturu ke zuwa. Gaskiya ne goshin yana raunana idan ya yi nisa cikin yankin zafi, wani lokaci ba abin da za a gani sai siririn layin gajimare da yayyafi. Amma raunin hadari ba raunin iska ba ne. Abin da ke tura ta shi ne nauyin iskar da ya taru a bayansa, kuma wannan na nan daram.

Shi ya sa matuƙin da ya ga ruwa ya ɗauke, sama ta washe, ma'aunin nauyin iska ya fara hawa, ya ce komai ya wuce, ya yi gaggawa. Hawan ma'auni da sauri alama ce ta iska mai ƙarfi, daidai da faɗuwarsa da sauri. Sau da yawa iska mafi tsanani tana zuwa ne awanni bayan wucewar goshin, ta kuma yini ta kwana tana bugawa. A jira hawan ya lafa, a kuma ba teku lokaci, domin igiyar ruwa ba ta kwantawa tare da iska.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Mashigin Tehuantepec, a gefen Fasifik na Meziko. Goshin sanyin ba ya ma isa wurin da hadarinsa. Iska mai nauyi ce ke taruwa a ɗaya gefen ƙasar, tsaunuka su tare ta, ta matsu ta ratsa ta kwazazzabon Chivela, ta faɗo kan teku da ƙarfin da wani lokaci kan kai na mahaukaciyar guguwa, ga sama tas babu gajimare. Irin haka na faruwa a Papagayo ta wajen Kosta Rika da kuma Mashigin Fanama. Mai duban sama kaɗai ba zai ga komai ba. Taswirar yanayin ɗaya gefen tsaunukan ake dubawa. Masu ƙananan jirage da suka san wurin ko dai su bi gaɓa kurkusa, inda iska ba ta sami filin tayar da igiya ba, ko su yi nisa ƙwarai cikin teku. Yanke mashigin ta tsakiya don rage hanya shi ne ganganci.

Sai maganar karanta ma'aunin kansa, wadda ke ruɗa wanda ya saba da tekunan sanyi. A yankin zafi allurar tana hawa da sauka sau biyu a kowace rana ko da babu abin da ke tafe. Tana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ta sauka ƙasa wajen 4 na yamma da 4 na asuba, tazarar kuma takan kai milibar 2 zuwa 3 (milibar shi ne awon da ake auna nauyin iska da shi). Sabon shiga yakan ga ta sauka da la'asar ya firgita a banza. Mafi muni shi ne wanda ya saba da saukar har ya daina kula. Gyaran mai sauƙi ne: a rubuta karatun kowace awa 3, a kwatanta na yau da na jiya a daidai wannan lokacin, ba da na ɗazu ba. Ƙa'idar da matuƙa ke bi ita ce, idan an cire wannan hawa da sauka aka ga karatu ya gaza abin da aka saba gani a wannan wata da milibar 3, a shiga shiri. Idan ya gaza da 5, a ɗauka akwai guguwa a cikin mil 200 na teku. Idan kuma hawa da saukar ta ɓace gaba ɗaya, allura sai gangarawa take, ba a jira wata shaida.

Alƙaluman hasashe ma ana yi musu gurguwar fahimta. Ana ba da ƙarfin iska da not, kowane ɗaya kilomita 1.852 a awa. A ma'aunin Beaufort, wanda ya kasa ƙarfin iska mataki-mataki, mataki na 8 shi ne not 34 zuwa 40, kimanin kilomita 62 zuwa 74 a awa, kuma daga nan gargaɗin iska mai ƙarfi ke farawa. To amma lambar da aka faɗa matsakaiciya ce. Bugun da ke zuwa jefi-jefi na iya fin ta da kashi 40 cikin 100, ke nan hasashen not 25 na ɗauke da bugun 35 a cikinsa, ko da ba a yi wani gargaɗi ba. Ƙarfin turin iska kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: idan gudu ya ninka, turi ya ninka sau 4. Daga not 20 zuwa 30 turin ya fi ninki biyu.

Haka tsayin igiya. Idan aka ce mita 3, ana nufin matsakaicin manyan igiyoyi, kashi ɗaya cikin uku na sama. A cikin 'yan awanni za a iya cin karo da guda ɗaya da ta kusa mita 6, kuma ita ɗin ce za ta gwada jirgin. A dubi tazarar daƙiƙa tsakanin igiya da igiya. Mita 2 a daƙiƙa 14 jirgi na hawa ya sauka lafiya lau a ruwa mai zurfi. Mita 2 a daƙiƙa 5 kuwa bango ne bayan bango. Sai dai ita mai doguwar tazarar tana da nata sharrin a bakin kogi da mashigar tasha, inda ruwa ba zurfi: takan miƙe tsaye ta karye idan zurfin ya ragu zuwa kusan sau 1.3 na tsayinta, musamman lokacin da teku ke janyewa. A shiga lokacin da ruwa ke cikowa, dab da ya cika.

Masu dogaro da taswirar iska ta waya su sani cewa kwamfuta ce ta zana ta ba tare da hannun masani ba, kuma takan rage ƙarfin iska a mashigai da bakin tsaunuka. A haɗa ta da rubutaccen hasashen hukumomin yanayi, wanda ke zuwa ta NAVTEX, tsarin aika wa jirage rubutaccen saƙo ta rediyo, a kan mita 518 kHz da kuma rediyon VHF. A lura lokutan da ke ciki galibi na UTC ne, wato agogon GMT, ba agogon wurin ba, kuma sunan iska daga inda ta fito ne, ba inda ta nufa ba.

Akwai kuskuren duba iska a manta da gudun ruwa. Idan iska ta fuskanci ruwa mai gudu, igiya takan gajarce, ta yi tsini, ta dinga karyewa. Ruwan Gulf Stream yana gudu arewa a mashigin Fulorida da not 3 zuwa 4, don haka iskar arewa ta bayan goshin sanyi, ko ta not 20 ce, ta isa ta hana ƙaramin jirgi ƙetarewa. A gabashin Afirka ta Kudu ruwan Agulhas na gangarawa kudu maso yamma, iskar bayan goshi kuma daga can take fitowa. Tsakanin Durban da Gqeberha, kusa da layin zurfin mita 200, irin wannan karo ya sha lalata manyan jiragen dakon mai. Shawarar da ake bayarwa a can ita ce a shigo ta cikin wannan layi kafin iskar ta juya.

Juyawar iskar ce ke kama masu anga. A arewacin Ikweta takan juya daga kudu ko kudu maso yamma zuwa arewa maso yamma, ta wuce arewa. A kudancinsa akasin haka ne, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso yamma. Wurin da ya ba ka mafaka da yamma zai iya zama bakin duwatsun da iska ke tura ka kansu da tsakar dare. A zaɓi mafaka bisa iskar gobe. A saki sarƙa ko igiyar anga sau 7 zuwa 10 na zurfin, a auna daga bakin jirgi kuma da cikar teku, a tabbatar akwai filin da jirgi zai kewaya ba tare da ya taɓa komai ba.

Hadarin tsawa na kusa da Ikweta dabam yake, bai da alaƙa da goshin sanyi, ma'auni ma ba ya gargaɗi a kansa sosai. A Mashigin Gini daga gabas yake tasowa, ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Za a ga baƙin gajimare mai lanƙwasa kamar baka, iskar da ake ciki ta mutu, sai wani huci mai sanyi a fuska, sannan farin layin kumfa yana tahowa a kan ruwa. Iska ce ke riga ruwan sama isowa, wanda ya jira ɗigon farko ya makara. Tun ganin gajimaren ake rage filafilai, a rufe ƙofofin bene, a ɗaure kaya, kowa ya sa rigar ceto. A kwashe duk ruwan da ke cikin jirgi, domin ruwan da ke yawo daga gefe zuwa gefe ya fi nauyinsa ɓarna. A tari igiya da goshin jirgi a ɗan karkace, a rage gudu amma kada a kashe inji, kada kuma a ba ta gefe. Idan juyawa ta zama dole, a jira manya su wuce, a juya da sauri cikin ƙananan da ke biye.