Kurakuran da masu gidajen haya ke yi wajen tuhumar kuɗin gyara

Mai gidan da ya danƙa gidansa a hannun kamfanin kula da gidaje, musamman idan yana zaune a wani gari, yakan tarar a ƙarshen shekara cewa an zabge kaso mai tsoka daga kuɗin hayarsa da sunan gyara. Neman ba'asi haƙƙinsa ne, sai dai yadda ake nemansa ne yakan sa a rabu baram-baram ba tare da an gano komai ba.

Babban kuskuren ana tafka shi ne tun ranar miƙa makulli, lokacin da mai gida zai ce wa wakili ya riƙe gidan kamar nasa, kuma ba a rubuta komai ba. Abin da ya dace shi ne a yi yarjejeniya a rubuce wadda ta ƙayyade adadin da wakili zai iya kashewa bisa raɗin kansa, misali naira 50,000, duk abin da ya haura haka kuma sai da izini, in ban da gaggawa irin ta fashewar bututun ruwa ko wayar wuta da ke tartsatsi. A fayyace kuma ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya da aka saba bai wa wakili ya haɗa da sa ido a kan masu gyara, domin wasu kan ɗora wani lada a kan kowane aiki ba tare da sun faɗa ba.

Daga nan sai karɓar lissafi a dunƙule. Idan takarda ta ce gyaran banɗaki ya ci naira 180,000, to babu abin da ta gaya maka, kuma yin faɗa a kan jimillar ɓata baki ne. Ka nemi a rarrabe kuɗin kaya, ladan mai gyara da kuɗin dako, a haɗo da rasit na shagon da aka yi sayayya, da hoton wurin kafin aiki da bayansa. Mafi amfani duka, a ganina, shi ne a ajiye maka tsohon kayan da aka cire. Na taɓa ganin lissafin da ya nuna an sauya injin rijiyar burtsatse sau biyu cikin wata takwas, amma da aka ce a kawo wanda ya ƙone, sai ta bayyana cewa wayarsa kawai aka sake naɗawa aka mayar da shi rami.

Sai dai masu gida ma kan zalunci wakili ta hanyar auna aikin bana da farashin bara. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dako ya tashi, kuma a Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Kafin ka zargi mutum da cuta, ka tambayi farashin makon da aka yi aikin a kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa idan a Kano ne, ko ta Dei-Dei idan a Abuja ne.

Akwai kuma rashin tantance wanda gyaran ya rataya a wuyansa. Kwanon da ke yoyo da katangar da damina ta ci na mai gida ne, amma gilashin da yaro ya fasa da ƙofar da aka ɓalle na ɗan haya ne, kuma ba za a iya tabbatar da hakan ba sai an ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da ya tare.

Kada ka hana a yi gyara saboda ana cikin taƙaddama, domin yoyon da aka bari a watan Agusta zai cinye silin gaba ɗaya. Ka ba da izinin aikin, ka rubuta ƙorafinka ga kamfanin, idan kuma mai rajista ne ya ƙi ba da bayani, ka kai maganar gaban ESVARBON, hukumar da aka kafa a 1975 don yi wa masu wannan sana'a rajista da ladabtar da su.