Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sa wa mota farantin ƙasa

Jiya da yamma ƙanen wani abokina ya kawo min Hilux ɗinsa har gida a Rigachikun, yana ta murna wai "Yaya zo ka gani, na sa mata furotekta mai kauri, yanzu ko dutsen Kagoro ne sai na hau." Furotekta dai shi ne farantin da ake ɗaura wa mota a ƙasa don kare injin daga dutse. Na shimfiɗa kwali na shiga ƙasan motar, ko minti 2 ban yi ba na fito raina a ɓace, don kuskuren da ya ci min injin shekarun baya shi na tarar a motarsa. Shi ne na 4 da na gani a daminar nan kaɗai. Ni ba makanike ba ne, amma na fi shekara 10 ina shiga ƙauyukan Kauru da Pambegua da Kachia sayen masara da citta, abin da zan faɗa a ƙasan mota na koye shi, kuma da kuɗina na biya.

Babban kuskuren shi ne mutane kauri kawai suke tambaya. Mili nawa ne, wato milimita? In aka ce 6 sai a yi murmushi a biya. Babu mai tambayar ina aka ɗaure shi, kuma tazara nawa aka bari tsakaninsa da botom filet, wato kaskon da baƙin mai yake kwanciya a ƙasan injin. Farantina na farko shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne sumul, ba lanƙwasa ba haƙarƙari, an manna shi dab da kaskon, ko takarda da ƙyar za ta ratsa. Wata rana cikin Agusta muna fitowa daga wani ƙauye da lodi, muka zo tsallaka rafi, tayar gaba ta zame daga kan dutse motar ta sauka da cikinta, na ji "gum!" amma na ce ai akwai furotekta, na ci gaba da tafiya ta. Ashe ƙarfen ya lotsa sama ya daki kaskon ya tsaga shi. Abin da ya fi min ciwo har yau, da babu farantin da na ga ɗigon mai a ƙasa lokacin da muka tsaya sallar la'asar, to amma shi ya tare man kamar tire, yana taruwa a ciki yana bin iska ta baya, ni kuma ina ta taka mota da lodi har fitilar mai ta kawo, kafin in samu gefen da zan tsaya injin ya buga. Kwana 2 motar ta yi a daji, ga kuɗin janwe, ga kuɗin injin, ga masarar mutane da ruwa ya taɓa. Ribar shekarar nan gaba ɗaya a rafin nan na bar ta.

Tun daga ranar doka ta ita ce yatsu 2. In yatsuna biyu ba su shiga tsakanin faranti da kaskon mai ba, a kwance a sake. Ku tuna injin ba a tsaye yake ƙyam ba, a kan roba yake zaune, yana motsi duk sanda ka ba da wuta ko ka faɗa rami, in robar ta tsufa motsin ya ƙaru. Kuma ƙarfin faranti daga lanƙwasa yake zuwa. Dubi kwanon rufi mana, siriri ne amma saboda tudu da kwarin da aka yi masa mutum yana hawa kai. Ni ina sa a lanƙwasa gefunan, a kuma yi waldar angul, wato ƙarfe mai kusurwa, guda 2 ta ciki daga gaba zuwa baya, a wurin da ba zai fuskanci kaskon ba. Sannan a ɗaure shi a jikin ƙarafan da suka gitta shasi, a ramukan da kamfani ya riga ya huda in akwai su, don in dutse ya daka nauyin ya tafi shasi. Duk wanda ya ɗaure maka faranti a jikin injin ko giyabos, dukan kai tsaye ya miƙa musu.

Maganar nauyi kuma lissafi ne. Ƙarfe mai mili 6, murabba'in mita ɗaya kilo 47 ne, kusan buhun siminti ke nan ka rataya a hancin mota, shokozoba na gaba su za su sha wahala, motar ta ɗan duƙa, tazarar da kake nema daga ƙasa ta ragu. Mili 3 kilo 24 ne ba kaɗan, mili 4 kuma kusan 31. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, mai mili 6 kilo 16 kacal, kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Na san masu son sa da yawa kuma suna da hujja. Ni dai ƙarfe nake sawa, mili 4 a gaba, mili 3 a ƙasan giyabos, dalilina kuwa ƙarfe yana sulɓewa a kan dutse, alminiyam dutse na cizon sa, sannan in ya lotsa ko a Saminaka ne ko a wani ƙauye mai walda zai buga min shi ya miƙe, alminiyam kuwa sai ka nemo mai waldar agon, wato walda ta musamman da ake yi da iskar gas ta agon. In ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ka tafi da abin awo ka auna kaurin da kanka, kada ka tsaya a kan na baki.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata min rai a motar yaron nan. An yi wa farantin walda a jikin shasi! Haba jama'a. Don Allah wa ya koya muku wannan? Ranar da za a sauke giyabos ko a canza robar injin sai an kawo giranda an yanka, a sake walda, a sake yankawa, kullum ana gasa shasi da wuta ana ƙone fentin da ke kare shi daga tsatsa. Kuma da na tambaye shi ko an cire kan batir kafin a yi waldar sai ya ce bai lura ba. Bai lura ba! Motocin yanzu da biren bos suke aiki, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wutar walda tana iya lalata shi, kuɗinsa kuma ya ninka na farantin sau da yawa. Kai ne mai mota, ka tsaya a wurin, in mai walda ya ce "Oga bar shi haka ya fi ƙarfi" ka ce masa na gode Malam, da bol nake so.

Bol ɗin ma ba kowanne ba. Ka duba kansa, in ba ka ga an rubuta 8.8 ba, wato lambar ƙarfin bol ɗin, ka ajiye. Ni mai mili 10 ko 12 nake sawa, da washa mai faɗi da nati mai roba a ciki wanda gargada ba ta kwance shi, in shafa giris a zaren kafin a ɗaure. Kan bol ɗin da ya leƙo ƙasa dutse zai gurje shi har sifana ta kasa kama shi, don haka ina sa a yanka guntun bututu a yi masa zobe ya kewaye kan. Bayan tafiyar farko ka shiga ka sake ɗaurewa, za ka samu ɗaya ko biyu sun saki.

Sai rashin ramuka, wannan ma ya kusa ja min asara. Faranti rufaffe ruf taɓo yake tarawa, ya bushe ya zama kamar tubali, ya riƙe zafi ya riƙe danshi yana cin ƙarfe. Da kaka kuma in kana ratsa gonaki busasshiyar ciyawa da karan masara su cusa kansu tsakanin faranti da salansa. Wata rana cikin hunturu ina tsaye ana loda buhuna yaron motata ya ce Oga ina jin ƙauri, muka leƙa hayaƙi ne ke tashi, da ƙasa da ruwan jarka muka kashe. Allah ne ya kiyaye. Yanzu ina sa a huda ramuka 4 zuwa 6 a inda ruwa ke kwanciya, in na dawo daga daji kuma sai an wanke cikin da ruwa mai ƙarfi, ba saman mota kawai ba.

Sauran ƙanana ne. Ka bar ƙofa daidai inda ake juye baƙin mai, in ba haka ba ƙyuya za ta sa ka riƙa ɗaga ranar sabis. In farantin biyu ne, na gaba ya hau kan bakin na baya ta ƙasa, kada bakin na baya ya zama ƙugiya mai kama kututture. Hancin gaba ya tashi a karkace kamar gaban kwalekwale, amma kada ya toshe iskar lagireto. In ƙarfe mai ƙuraje ka samu, ƙurajen su kalli sama. Robar nan da ke zuwa da wasu motoci daga kamfani ta tare ruwa da tsakuwa ce, ba ta dutse ba. Kada ka rufe injin ka manta da akwatin ogzilari, wanda ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, da tankin mai, su ne a tsakiya inda mota ke zama in ta hau tudu. A yi masa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje kafin a ɗaura. Kuma ƙwallon aksul na baya, wato dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, yana nan a inda yake, farantin gaba bai ɗaga shi ko da mili ɗaya ba, dutsen da ka ga ya yi tsayi ka ɗora taya a kai, kada ka sa shi a tsakiya.

Yaron dai na ce masa kada ya kuskura ya shiga daji da motar nan a haka. Ranar Asabar da safe zai biyo min, mu je a yanke waldar, a rage kaurin nan, ni kuma zan tsaya a wurin har in ga yatsuna sun shiga.