Yadda Ake Gano Shekarun Dutsen Aman Wuta

Ɗalibanmu na Madina su fara koyon ɗibar samfur a Harrat Rahat, filin duwatsun aman wuta da ke kusa da birnin, inda ƙasa ta yi aman wuta a 1256 Miladiyya, kafin su tunkari tsibiran Hawai. A fasa baƙin dutsen da guduma, a ɗauki tsakiyarsa mai tsabta, domin ɓawon da ruwa da iska suka ci yana ɓata lissafi, kuma a nan nake ganin an fi yin sakaci.

A ɗakin gwaji a niƙa shi, a auna iskar argon da ta taru daga nau'in sinadarin fotasiyam da ake kira fotasiyam-40, wanda rabinsa ke rikiɗewa cikin shekara biliyan 1.25; kwatanta yawan argon da na fotasiyam ɗin da ya rage shi ke nuna shekarun dutsen. Idan an san shekarun shimfiɗar dutse ta ƙasa da ta sama, sai a raba yawan dutsen da ke tsakaninsu da tazarar shekarun, a sami matsakaicin aman kowace shekara.